Daga Gurmi Zuwa Jita: Gindin Kiɗan "Smoke on the Water" da Yadda Ya Kamata a Koye Shi a Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki gajeren zubin jita da ke buɗe waƙar "Smoke on the Water", wadda ƙungiyar Deep Purple ta Ingila ta fitar a 1972, ta auna shi da kiɗan tsirkiya na Hausa, musamman gurmin da marigayi Haruna Uji ya ɗaga sunan Haɗejiya da shi. Maƙalar ta kafa hujja a kan cewa wahalar wannan zubi tana cikin lokaci da taɓi da shiru, abubuwa uku da lambobin koyon jita ba sa ɗauke da su, alhali kuwa a kansu koyon gurmi ya ginu. Saboda haka hanyar makaɗan gargajiya, wato saurare da rerawa da maimaici a gaban gwani, ita ce ta fi dacewa da mai koyo a wannan yanki. An kawo suka huɗu da za a iya yi wa wannan ra'ayi, an amsa su, sannan aka rufe da shawarwari.

1.0 Gabatarwa

Duk inda ake koyon jita a duniya, da wuya ɗalibi ya yi nisa bai ci karo da zubin da ke buɗe "Smoke on the Water" ba. Masu kiɗan rok suna kiran irin wannan zubi rif, wato 'yar gajeriyar jimlar kiɗa da ake maimaitawa, wadda dukkan waƙar take zaune a kanta. A wannan maƙala za a kira shi gindin kiɗa, bisa tafarkin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda a nazarinsa na waƙar baka ya bambanta gindin waƙa da ɗiyan da ake ɗorawa a kansa. Yau wayar hannu ta kawo wannan waƙa da darussan koyonta har cikin Auyo da Guri da Malam Madori, kuma darussan kusan duk da lambobi suke farawa: sifiri, uku, biyar. Tambayar da ta dace masu nazarin kiɗan Hausa su yi ita ce, shin matashin ƙasar Haɗejiya da ya riƙe jita baƙo ne ga wannan sana'a, ko kuwa yana da gadon da zai tsaya a kai?

Amsar da maƙalar take karewa ita ce yana da gado, kuma gadon ya fi lambobin intanet kusa da ainihin abin da ake son koya. Ba a nufin cewa gurmi da jitar lantarki abu ɗaya ne, ba a kuma nufin cewa makaɗan Ingila sun kwaikwayi makaɗan Hausa. Abin da ake nufi ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi sauƙin tabbatarwa: aikin da gindin kiɗa yake yi a waƙar rok, da ƙwarewar da yake nema a wurin mai kaɗawa, su ne aiki da ƙwarewar da makaɗin gurmi ya daɗe yana tarbiyyar yaransa a kansu. Za a fara da bayyana waƙar da ginin gindinta, a juyo kan kiɗan tsirkiya na Hausa, a gwada hanyoyin koyo biyu, sannan a saurari masu ja.

2.0 Waƙar da Ginin Gindinta

A watan Disamba na 1971 ƙungiyar Deep Purple ta isa garin Montreux da ke bakin Tafkin Geneva a ƙasar Siwizalan, da niyyar ɗaukar sabon faifai a zauren gidan cacar garin, da motar ɗaukar sauti ta ƙungiyar Rolling Stones. Ranar 4 ga watan, mawaƙi Frank Zappa yana tsakiyar wasa a zauren, wani daga cikin 'yan kallo ya harba bindigar tartsatsi zuwa rufi, ginin ya kama wuta ya ƙone. Hayaƙin da ya kwanta a kan tafkin shi ya ba waƙar suna, kuma baitocinta labarin wannan gobara ne da yadda suka ƙare aikin a wani otal mai suna Grand Hotel. Faifan, Machine Head, ya fito a Maris 1972. Da aka fitar da waƙar ita kaɗai a Amurka a 1973 ta kai matsayi na 4 a jerin Billboard. Mutum biyar ne suka yi ta: Ritchie Blackmore a jita, Jon Lord a ogan ɗin lantarki na Hammond, Ian Paice a ganguna, Roger Glover a jitar bes mai kauri, Ian Gillan kuma a murya.

Gindin kiɗan taɓi 12 ne kacal, a cikin zango huɗu, kowane zango da bugu huɗu. Taɓin sun kasu jimla huɗu: uku, huɗu, uku, biyu. Kowane taɓi tsirkiya biyu ce ake ja a tare, kuma Blackmore da yatsu yake fincikar su, ba da 'yar robar da yawancin masu jita suke kaɗawa da ita ba. Malamai sukan koyar da shi a kan tsirkiyoyi biyu na tsakiya: a sake su ba dannawa, sannan gida na 3, sannan na 5, a sake komawa sake da na 3, a taɓa na 6 a zame zuwa na 5, a maimaita jimlar farko, a rufe da na 3 da sake. Sautuka huɗu ne gaba ɗaya. Uku daga cikinsu suna cikin jerin sauti biyar da kiɗan Afirka ta Yamma ya saba da shi, na huɗun kuwa, na gida na 6, shi ne karkataccen sautin da kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka ya shahara da shi, kuma sau ɗaya tak yake fitowa, ya wuce da sauri.

Wanda ya dubi wannan lissafi zai ce ai ba wani aiki. Gaskiya ne yatsun hagu ba su da wahala, shi ya sa ake ba ɗan koyo. Amma a saurari inda kowane taɓi yake faɗowa. Ukun farko suna sauka daidai a kan bugu na ɗaya da na biyu da na uku. Jimla ta biyu kuwa tana shigowa kafin zango na biyu ya fara, a tsakanin bugu da bugu, kuma taɓinta uku na farko duk a wannan tsakani suke, sai na huɗu ya dawo kan bugu. Biyun ƙarshe ma a tsakani suke faɗowa. Ke nan biyar daga cikin taɓi 12 ba sa kan bugu. Jimla ta ɗaya da ta biyu da sautuka iri ɗaya suke farawa, a gidaje iri ɗaya, amma ta farko tana takawa da ƙafa, ta biyu tana riga ƙafa. Ƙari a kan haka, taɓin farko gajeru ne, ana kashe su da zarar sun fita, sai shiru ya biyo baya; ba a barin tsirkiya ta yi ta amo. Daɗin gindin daga wannan saɓani na lokaci da waɗannan guntayen shiru yake fitowa. Haka kuma a faifan jita ce take fara shi ita kaɗai, ogan ɗin Lord ya ruɓanya shi, gangunan Paice su shigo, bes ta biyo, sai can murya ta zo. An daɗe ana juya shi kafin a furta kalma ɗaya, har ya zauna a kunnen mai saurare.

3.0 Gurmi, Take da Kunnen Mutanen Haɗejiya

Masarautar Haɗejiya, mai ƙananan hukumomi takwas a Jihar Jigawa, tana zaune a kan kogin da ya taso daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya bi ta fadamun Haɗejiya da Nguru, ya nufi Komadugu Yobe da Tafkin Chadi. Ƙasa ce ta manoma shinkafa da masunta da makiyaya, inda Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa suka daɗe suna cuɗanya. A irin wannan al'umma kiɗa yana tafiya da sana'a: kalangu ga mahauta da 'yan dambe, gangar noma ga masu gayya, garaya ga maharba, tambari da kakaki ga fada. David Ames da Anthony King, a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, sun tattara waɗannan kayan kiɗa da muhallin kowanne, kuma a ciki dangin tsirkiya suna da yawa: goge da kukuma da ake gogawa, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, garaya mai biyu, molo mai uku, da gurmi, wanda ƙoƙo ne da aka rufe da fata aka soka masa sanda, tsirkiyarsa biyu ko uku. A wannan gurmi ne Haruna Uji, ɗan Haɗejiya, ya yi suna a ƙasar Hausa da waƙoƙin soyayya da na zaman duniya.

Wanda ya saurari kaset ɗin Haruna Uji da kunnen nazari zai ji tsari guda da aka bayyana a sama. Gurmi ne yake buɗe waƙa da gajeriyar jimla, ya juya ta har ta zauna, sannan murya ta hau. Murya tana tafiya inda take so, ta ja baiti, ta tsaya, ta dawo, amma jimlar gurmin tana nan a ƙasa tana riƙe da lokaci. Haka Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi shekaru yana cika dandali da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi. Makaɗin da yake da tsirkiya ɗaya ko biyu ba shi da tarin sautukan da zai ɓoye a bayansu. Jarinsa shi ne lokacin da yake taɓawa, ƙarfin taɓin, da lokacin da yake kashe sauti. Waɗannan su ne ainihin abubuwa ukun da gindin kiɗan Blackmore yake nema.

Akwai kuma batun take. Bahaushe ya san cewa 'yar jimlar kiɗa tana iya zama shaidar mutum: sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, kuma da an buga, tun kafin maroƙi ya buɗe baki, jama'a sun san wanda ake nufi. Fremont Besmer, a littafinsa na 1983 kan bori, ya nuna yadda masu goge da garaya suke da kiɗa na musamman ga kowane iska. Sharaɗin take shi ne ya zama gajere, ya bambanta da saura, a gane shi daga taɓin farko. Wannan shi ne aikin da gindin "Smoke on the Water" yake yi: mutane da yawa da ba su san baiti ko ɗaya na waƙar ba, ba su ma san sunan ƙungiyar ba, suna gane ta daga taɓi uku. Sannan take yana da magana a ƙarƙashinsa. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma kalangu yana bin hawa da saukar kalmomi da nauyin gaɓoɓinsu. Yaron da ya tashi yana jin bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi a cikin maganarsa ta yau da kullum, yana kuma jin ganga tana faɗin kirari, ya riga ya sami horon kunne a kan tsawon sauti da gajartarsa tun kafin ya taɓa tsirkiya.

4.0 Lambobi da Kunne: Hanyoyin Koyo Biyu

Hanyar da ta fi yawa a intanet ita ce ta zanen layuka shida, kowanne a madadin tsirkiya, da lambobi a kansu masu nuna gidan da za a danna. Amfaninta a bayyane yake: mai koyo ba ya buƙatar malami ko sanin rubutun kiɗa na Turai. Sai dai a sigarta da aka fi yaɗawa, wurin yatsa kawai take faɗa. Tana rubuta sifiri da uku a farkon jimla ta ɗaya, ta sake rubuta sifiri da uku a farkon ta biyu, ba tare da alamar cewa na farko a kan bugu suke, na biyu a tsakani ba. Ba ta nuna inda za a kashe sauti, ba ta nuna bambancin finciko da yatsa da gogawa da roba. Abin da yake biyo baya shi ne ɗalibi ya jera taɓi 12 da tazara iri ɗaya, kowanne yana amo har na gaba ya zo. Lambobinsa duk daidai ne, amma wanda ya san waƙar zai ji cewa ba ita ba ce. Kuskuren ya fi muni domin mai yin sa ba ya jin sa, tun da idonsa ne ya koya, kunnensa bai shiga aikin ba.

Tarbiyyar makaɗin Hausa a juye take da wannan. Yaro yakan daɗe yana bin ubangidansa, yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana tafi ko kaɗa gora, kafin a miƙa masa abin kiɗan. A wannan zama yana haddace jimlolin da bakinsa, jikinsa yana sabawa da bugu, har ya zama ranar da ya fara taɓa tsirkiya ya riga ya san abin da yake nema ya ji. Yatsu ne na ƙarshe a koyo. Idan aka ɗora wannan tsari a kan gindin kiɗan Deep Purple, matakan a fili suke. Mai koyo ya saurari faifan har ya iya rera jimlolin huɗu da baki. Ya taka bugu huɗu da ƙafa yana rerawa, har ya ji da kansa inda bakinsa yake riga ƙafarsa. Ya kaɗa a kan tsirkiya ɗaya, yana kashe kowane taɓi da tafin hannu ko da sassauta yatsa. Sai ya ƙara tsirkiya ta biyu, ya finciko su tare da babban yatsa da manuni. Daga nan ya zauna da wani mai tafi ko mai ganga, domin gindin kiɗa ba ya nuna ko ya zauna sai an ɗora masa wani abu. Lambobi suna iya shigowa a mataki na uku, su taimaka wajen tuna gida, amma ba su ne mafari ba.

Wannan hanya tana da shaida daga maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar ya fara da jitar da ya haɗa da hannunsa, tsirkiyoyinta wayoyin birkin keke ne, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya yaɗu ta katin waya daga hannu zuwa hannu. Bombino na Agadas ya koyi abubuwa da yawa ta kallon bidiyon gwanayen jita Jimi Hendrix da Mark Knopfler. Dukansu biyu yau suna kaɗa jitar lantarki a manyan dandalin Turai da Amurka, kuma abin da ya sa ake sauraron su shi ne sun shigo jita da kunnen kiɗan gidansu, suka ɗauki abin da suke so daga rok suka zuba a ciki. Kafinsu Ali Farka Touré na Mali ya zo ga jita daga kayan tsirkiya na gargajiyar yankinsa. Abin da kiɗan gida ya yi wa waɗannan, babu dalilin da zai hana gurmi ya yi wa ɗan Haɗejiya.

5.0 Suka da Amsa

Suka na farko na fasaha ne. Za a ce wuyan jita yana da ƙarafan da suka raba shi gida-gida bisa ma'aunin Turai, sandar gurmi kuwa sumul take; jitar Blackmore tana bi ta amfilifaya mai ƙara mata kauri da kaushi, gurmi kuwa muryar ƙoƙo da fata gare shi; don haka kamannin na sama-sama ne. Bambancin gaskiya ne, amma a duba ɓangaren da ya shafa. Ƙarafan jita sauƙi suke kawowa: wanda ya saba nemo sauti a sandar da ba ta da alama, da kunnensa kawai, ba zai sha wuya ba a inda aka riga aka yanka masa gidaje. Amfilifaya kuwa tana ƙara tsananta buƙatar abin da gurmi yake koyarwa, domin tana tsawaita amo tana kuma fallasa duk tsirkiyar da ba a kashe ba. Game da dangantakar sautukan, Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kawo hujjoji cewa siffofi da dama na bulus ɗin Mississippi suna da tushe a yankin sabana na Afirka ta Yamma, wanda ƙasar Hausa take ciki, kuma sananne ne cewa makaɗan rok na Ingila daga faya-fayan bulus suka sha. Maƙalar nan ba ta dogara da wannan silsila ba. Ko da an ƙi ta gaba ɗaya, taɓi biyar da ba sa kan bugu suna nan, kuma kunne ne yake kama su.

Suka na biyu daga masu kishin al'ada yake zuwa: me ya kai mu ɗaukar waƙar Turawa mu sa a gaban yaranmu, alhali namu kiɗan yana ƙarewa? Damuwar tana da tushe, amma ta ɓata wurin da haɗarin yake. Jita ba ita ce ta ture gurmi da kukuma ba. Tun daga shekarun 1990 fiyano ne na situdiyo, wanda masana'antar finafinan Kano ta yaɗa, ya maye gurbin makaɗa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi bayani a rubuce-rubucensa. A situdiyo mutum ɗaya yana danna maɓalli, na'ura ta riƙe masa lokaci, kuma ba a buƙatar yaro ya yi shekaru yana horar da hannu. Matashin da ya zaɓi jita ya zaɓi komawa ga tsirkiya da yatsa, ya riga ya taka rabin hanyar zuwa gurmi. Idan aka nuna masa cewa abin da ya burge shi a waƙar Deep Purple yana nan a kaset ɗin Haruna Uji, an ba shi dalilin sauraron na gida da sabon kunne. Idan aka kore shi, zai koma ga lambobi, ya rasa duka biyun.

Suka na uku ya fi sauran nauyi. Za a ce koyo ta kunne shi ne ya jawo asarar da ake kuka da ita: gwani ya mutu, salonsa ya bi shi, domin ba a rubuta ba, gindin Blackmore kuwa an rubuta shi, shekara hamsin da ɗoriya ana kaɗa shi yadda yake. A nan dole a raba adanawa da koyarwa. Wajen adanawa, mai sukar yana da gaskiya, kuma wajibi ne a ɗauki kiɗan gurmi a na'ura, a rubuta shi, a ajiye. Amma abin da ya raya "Smoke on the Water" faifan 1972 ne, wanda kowa zai iya komawa ya saurara; rubutun daga baya ya zo, kuma daga faifan aka ciro shi da kunne. Rubutu yana tuna wa wanda ya riga ya ji. Faifai da wayar hannu sun ma kawar da babban raunin tsohuwar hanya, domin yanzu ɗalibi yana iya sa gwanin da ya rasu ya maimaita masa jimla ɗaya sau ɗari.

Suka na huɗu ya shafi addini da matsayin makaɗi a cikin al'umma. Hukuncin kayan kiɗa magana ce ta malaman fiƙihu, sun kuma yi saɓani a kanta, wannan maƙala ba fatawa ba ce. Abin da za a iya faɗa a muhallin ilimi shi ne malaman jami'o'inmu sun daɗe suna nazarin waƙar baka da makaɗanta, tun daga aikin Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir a kan Mamman Shata a 1975, kuma jama'a sun saba auna waƙa da abin da take ɗauke da shi da wurin da ake yin ta. Waƙar da ake magana a kanta rahoton gobara ce, da sunayen wurare da mutane, irin aikin da mawaƙan Hausa suke yi idan wani babban al'amari ya auku. Raina makaɗi kuwa, da ɗaukar sana'arsa roƙo kawai, yana daga cikin abin da ya sa 'ya'yan gidan kiɗa suke guje wa gadonsu, kuma nazari irin wannan, da yake nuna zurfin ilimin da ke cikin sana'ar, yana rage wannan raini.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gindin kiɗan "Smoke on the Water" taɓi 12 ne a kan sautuka huɗu, biyar daga cikin taɓin ba sa kan bugu, kuma ingancinsa ya rataya a kan lokaci da taɓi da shiru. Ta nuna cewa lambobin intanet ba sa koyar da waɗannan, tarbiyyar makaɗan tsirkiya na Hausa kuwa da su take farawa, kuma makaɗan Nijar da Mali sun riga sun gwada wannan hanya ta kai su. Sukan da aka kawo sun ƙara fito da buƙatar adana kiɗan gida, ba su rushe hujjar ba.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Masu nazarin Hausa a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da sauran manyan makarantun Jigawa su tattara kaset-kaset ɗin Haruna Uji, su mayar da su na'ura, su nazarci jimlolin gurminsa kamar yadda ake nazarin baitocinsa, domin nazarin waƙar baka ya fi karkata ga kalmomi ya bar kiɗan. Gidajen rediyon jihar da masarautar Haɗejiya su nemo masu gurmi da garaya da suka rage, a ɗauki kiɗansu da bayanin yadda suka koya, tun suna da rai. Duk mai koyar da jita a wannan yanki kuma ya fara da saurare da rerawa da taka bugu, ya sa gurmi a cikin darasin farko, ya jinkirta lambobi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna kira ga masu nazari da su ɗauki aikin tattara kiɗan gurmi a matsayin na gaggawa, domin masu riƙe da shi ba ƙaruwa suke yi ba.